Zauren Tsirrai: Ƙarya, furen da ke fitowa a tsagar dutse

Tun da hunturu ya kama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili kusan duk a kan shuka ɗaya suke, wato ƙarya, wadda wasu ke ce wa kariya, masu sayar da furanni a bakin titi kuma suke ce mata furen hamada. Ba abin mamaki ba ne, yanzu ne take fara nuna kanta. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta wadatar da saura. Masu tambaya kan tsutsar mangwaro su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

Baba, barka da aiki. Na sayi wata shuka mai fure a wajen masu furanni a nan Kano, da tsada kuwa. Mai sayarwa ya rantse mini daga Tailan aka kawo ta. Da surukata ta zo daga ƙauye ta gan ta a tsakar gida sai ta kama dariya, wai ai ƙarya ce, ga ta can birjik a dutsen bayan garinsu, ko akuya ba ta kallonta. Cutata aka yi ne?
*Wata uwargida, Kano*

'Yata, kwantar da hankalinki. Surukarki ta yi gaskiya, shi ma mai furen ba lalle ne ya cuce ki ba.

Ƙarya 'yar ƙasa ce. Da kanta take fitowa a faɗin Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya, ta bi ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Kamaru da Chadi har Sudan, ta gangara Habasha da Somaliya da Kenya da Tanzaniya, ta tsallake Bahar Maliya zuwa Yaman da kudancin Saudiyya da Oman. Wanda ya taɓa bin duwatsun Mandara da rani, can kan iyakar Najeriya da Kamaru, ya san yadda take: ciyawa ta bushe ƙayau, dutse ya ɗauki zafi, sai a hango wani ja-ja yana ɗaukar ido a tsagar fa, ga kututture kumburarre mai ruwan toka, ganye ko ɗaya babu. Ita ce.

Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Wanda ya fara rubuta bayaninta ta hanyar kimiyya wani ɗan Suwidin ne, Peter Forsskal, almajirin babban masanin tsirrai Linnaeus, wanda ya shiga ayarin binciken da Sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa a 1761. A Yaman ya gan ta. Bai koma gida ba, zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763. Cikin mutum shida da suka fita Carsten Niebuhr kaɗai ya koma da rai, shi ya buga rubuce-rubucen marigayin a 1775. Sunan da take amsawa yanzu a 1819 aka raɗa mata shi.

To, ta ina Tailan ta shigo? Masu kiwon furanni a Tailan da Taiwan ne suka ɗauki wannan shuka tamu da 'yan'uwanta suka yi ta barbara a tsakaninsu, suna zaɓe, shekara da shekaru, har suka fitar da mai fure fari fat, da ja wur, da mai ratsi, da mai ninki biyu ko uku. Ta dajinmu kunnuwan furenta biyar ne rak, ruwan hoda, bakinsu ya fi ciza launi, maƙogwaron ya fi haske. Waɗancan na ƙawa ba sa maimaita kansu in an shuka irinsu, shi ya sa aure ake yi musu, yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen mai kyawun fure a ɗora a kan kututturen ƙarya gama-gari. Ki duba rassan taki kaɗan sama da kututture. In kin ga tabon haɗi, zobe ko tsaga, kuma furen na da ninki, to mai aure ce, kuɗinki bai tafi a banza ba. In babu tabo kuma furen irin wanda na siffanta ne, to da kin roƙi surukarki ta samo miki iri da ya fi miki sauƙi. Ni dai a idona ta dutsen ta fi kyau, amma wannan ra'ayin tsoho ne.

Abu ɗaya zan ƙara: hotunan ƙarya mai shuɗin fure da ake tallan irinta a intanet, fenti ne na kwamfuta. Babu ƙarya shuɗiya.

Baba, tawa ta lalace. Ina ba ta ruwa safe da yamma tare da sauran furanni, na kuma cika mata tukunya da takin shanu don ta yi saurin girma. Cikin Agusta ganye ya yi rawaya ya zube, kututturen ya yi laushi, in na danna sai ya lotsa. Wace cuta ce, kuma wane magani zan saya?
*Wani ɗalibi, Kaduna*

Ɗana, babu maganin da za ka saya. Ruwa ne ya kashe ta, kai kuma ka ba ta shi.

Ka tsaya ka dubi inda Allah ya ajiye ta. A tsagar dutse, in aka yi ruwan sama, ruwan da ya sauka a kan fa duka yana gangarowa cikin tsagar, saiwa ta sha ta ƙoshi, kafin gari ya waye sauran ya tsiyaye. Ba ya kwanciya. Abin da ta sha take tarawa a kututture da manyan saiwoyi, da shi za ta ci rani. Da kaka ta wuce sai ta zubar da ganye, domin ta ganye ruwa ya fi fita. In ka ɗan kankare ɓawonta da farce za ka ga kore a ƙarƙashi, da shi take ɗan cin hasken rana ko babu ganye. Dutsen kuma yana yi mata wani amfanin: ciyawa ba ta da yawa a wurin, ba mai yi mata inuwa, gobarar daji ma ba ta samun abin ci sosai. Shukar da aka gina a kan haka, ka sa ta cikin dausayin taki ana marka a Kaduna, ai ruɓa ce kawai ta rage.

Ka fara tabbatarwa ruɓa ce. Ƙarya mai ƙishirwa ma tana laushi, amma tata fatar yamushewa take, ba wari, ba ruwa-ruwa, in aka ba ta ruwa cikin 'yan kwanaki ta cika ta yi tauri. Ruɓaɓɓiya kuwa wurin yana baƙi-baƙi, yana jiƙe, yana tsami.

In ruɓa ce, zare ta daga tukunyar yau, kada ka jira gobe. Wanke saiwar. Sa safar hannu ko ka ɗaura leda, ka samu wuƙa mai kaifi ka yi ta yanke ruɓaɓɓen har sai ka iso farin nama tas, babu ɗigon ruwan ƙasa ko ɗaya. Duk yanka ɗaya ka goge wuƙar da sifirit, in ba haka ba kai ne mai kai cutar gaba. Barbaɗa toka ko garin gawayi a kan ciwon, ka rataye ta a inuwa mai iska mako ɗaya ko biyu har wurin ya bushe ya yi ɓawo. Kada tausayi ya kama ka, ba abin da zai same ta a rataye. Sannan ka mayar da ita cikin busasshiyar ƙasa, ka ƙara mako ɗaya ba ruwa. In kuwa ruɓar ta cinye kututturen gaba ɗaya, yanko rassan da ke da sauran tauri, ka shanya bakin yankan, ka dasa su a yashi.

Ƙasar da nake haɗa wa nawa: kashi biyu yashin rafi mai tsakuwa, kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya dakakken gawayi ko marmara. Taki ɗan kaɗan, wanda ya ruɓe sarai, sau ɗaya a farkon damina. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi ta jikinta, kuma a huda mata ƙasa da kyau, a ɗora ta a kan bulo. Babbar da ke ƙofar ɗakina a cikin tsohon kaskon tuya take, wanda ya tsage uwargida ta yar, tsagar nan kuwa ita ce lafiyarta. Rana kuma a ba ta iyakar abin da gida ke samu, aƙalla awa shida. Ƙaryar da aka ajiye a falo rassa za ta yi ta miƙawa sirara, fure sai dai a ji a maƙwabta.

Batun ban ruwa, da bazara in tana da ganye a jiƙa ta sosai har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan a ƙyale ta sai ƙasar ta bushe har ciki. Ka zura tsinke ka gani. Da marka a janye ta ƙarƙashin rumfa. Da hunturu in ta zubar da ganye a kusan manta da ita. Mutanen Jos da Mambila su ƙara kula, domin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana taɓa ta, in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ya gama da ita.

Malam, ina gaisuwa. Na koya wa ɗalibaina karin maganar nan, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Wani yaro ya ce akwai shukar a gidansu shekara da shekaru, kullum fure, bai taɓa ganin ɗanta ba. To in ba ta 'ya'ya, ta yaya take yaɗuwa a daji inda ba mai dasa ta?
*Wani malamin makaranta, Damagaram*

Malam, yaron nan naka a riƙe shi da kyau, yana da ido. Amsar ita ce tana 'ya'ya. Abin da ya gani a gidansu ma gaskiya ne, akwai dalilai biyu.

Na farko, yawancin ƙarya ba ta karɓar garin furen kanta, sai na wata dabam. A gari kuwa yaya ake samunta? Wannan ta yanko reshe a gidan waccan, waccan ta yanko a gidan kakarta. Sai ka tarar duk ƙaryar unguwa jiki ɗaya ce aka rarraba. Ko ƙwaro ya ɗauko gari daga gidan liman ya kai gidan mai unguwa, a wajen shukar bai je ko'ina ba.

Na biyu, ginin furen ne. Ka tsaga ɗaya ka nuna wa yara. Za ku ga zare biyar masu gashi sun miƙo daga maƙogwaro. Ku bi su ƙasa, za ku iske sun haɗu sun yi ɗan kulluɓi mai tsini. Garin furen a cikinsa yake a rufe. Wurin da ke karɓar garin kuma yana ƙarƙashi, a ɓoye, yana kallon ƙasa. Iska ba ta iya wannan aiki, ƙuda ma bai iya ba. Sai ƙwaro mai dogon baki siriri, wanda zai zura ya zaro. A dutse, inda kowace shuka daga irinta ta fito kuma irin waɗannan ƙwari na nan, ana samun 'ya'ya. Kwanso biyu ne manne a mariƙi ɗaya, sun buɗe hagu da dama kamar ƙahon sa, kowanne ya kai tsawon hannu daga yatsa zuwa wuyan hannu ko ya fi. In sun nuna sai su tsage, iri ya fito siriri, tsawonsa wajen santimita ɗaya, da tuntun gashi a kai da gindi. Ɗan tumfafiya tuntu ɗaya gare shi, na ƙarya biyu; dangi ɗaya ne su. Iska ke kwashe su, wanda ya dace ya maƙale a tsaga shi ne ya tsira. Kuma abin ba ya daɗewa: wanda bai zo a kan gaɓa ba sai dai ya tarar da busasshen kwanso.

In kuna so ku gwada a makaranta, ku samo ƙarya biyu da kuka tabbatar ba daga reshe ɗaya suke ba. Da safe, ka yage gefen fure ɗaya, ka ɗan matsa kulluɓin ya buɗe, ka lakato garin da jiƙaƙƙen tsinken sakace. Ni gashin buroshin fenti guda ɗaya nake amfani da shi. Ka je ga furen ɗaya shukar, ka buɗe shi haka nan, ka shafa a wurin nan da ke karɓar garin, a ƙarƙashin kan da ke tsakiya. In ya kama, furen zai faɗi, cikin mako ɗaya ko biyu ka ga 'yan tagwaye sun leƙo. Wata biyu zuwa uku suke ɗauka kafin su nuna. Da ka ga sun fara sauya launi ka naɗe su da zare, in ba haka ba wata rana ka zo ka tarar iska ta riga ka. Kai ka yi yagar, yara su kalla, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama. Dalilin haka na cikin amsa ta gaba.

Baba, mahaifina na fama da ciwon zuciya da kumburin ƙafa, yana shan magungunan asibiti, har da na fitsari. Wani maƙwabci ya ce mu dafa ɓawon ƙarya mu riƙa ba shi rabin kofi, wai Turawa ma daga irinta suke yin maganin zuciya. Na ce sai na tambaye ka tukuna.
*Wata 'yarka, Gusau*

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku ba shi. Ko cokali ɗaya.

Ƙarya dafi ce, tun daga saiwa har fure. An gano sinadarai wajen 30 a jikinta masu aiki kai tsaye a kan zuciya. Da ita ake dafa dafin kibiya a wurare da yawa na Afirka, wani lokaci a haɗa da ƙwanƙwani, wanda maharbanmu suka fi sani, shi ma ɗan dangin ne. Mutanen Hadza na Tanzaniya har yau suna tafasa jikinta har ruwan ya ƙafe ya bar baƙin danƙo, su shafa a kibiya su kayar da manyan namun daji. Ki lura, tafasawa suke yi. Wato wuta ba ta kashe dafin, tattara shi take. Dafawar da maƙwabcinku ya ce a yi, hanyar maharbi ce aka tsaya a rabi. Ana kuma zuba ɓawonta a ruwa don kashe kifi, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan ɓawon a kan tarwaɗa, kifin da kowa ya san taurin ransa, suka tabbatar guba ne.

Maganar maƙwabcin na da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Akwai maganin zuciya mai suna digoxin, wanda ake samu daga wata shukar Turai, ba ƙarya ba, amma aikinsu iri ɗaya ne: suna taɓa ɗan famfon da ke musayar sodiyam da fotasiyam a ƙwayoyin naman zuciya, sai bugu ya ƙara ƙarfi ya rage sauri. Tun 1785 wani likitan Ingila, William Withering, ya rubuta yadda ake amfani da 'yar'uwar waccan shukar, kuma babban abin da ya yi ta fama da shi shi ne ƙima, domin tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa tazarar ƙanƙanuwa ce. Ƙwayar digoxin ta yau ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram, duk da haka likita na bibiyar mai shanta, wani lokaci har da awon jini. To wa zai auna abin da ke cikin rabin kofin ɓawo? Wannan shuka da waccan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ta rani da ta damina ma haka.

Ga Baba kuma haɗarin ninki ne. Yawancin magungunan fitsari suna rage fotasiyam a jini, ƙarancinsa kuwa yana ƙara wa irin wannan dafi kaifi. In kuma cikin magungunansa akwai digoxin ɗin, an tara biyu ke nan.

Na san masu maganin gargajiya suna amfani da ita a waje: ruwan ɓawo don ƙwarƙwata da cututtukan fata, garinsa don kaskar raƙuma da shanu, wasu har suna ɗiga ruwanta a kogon haƙori. Wannan na ƙarshe ban yarda da shi ba sam, baki ne, haɗiyewa ake.

In har wani ya riga ya sha ko ya tauna, alamun su ne tashin zuciya, amai, gudawa, jiri, gani dishi-dishi, bugun zuciya ya ragu ko ya riƙa tsalle. Ba a jira su bayyana. A tafi asibiti nan take, a riƙe reshen shukar a nuna wa likita, a faɗi lokacin da aka sha da yawan abin da aka sha. Manja da madara ba sa karya wannan dafi, ɓata lokaci ne kawai. Shi kuma kumburin ƙafar, ku koma wa likitansa ku faɗa masa bai sauka ba.

Baba, ina da awaki da ƙananan yara a gida. In sare ta?
*Wani magidanci, Azare*

A'a, ɗana, ba sai ka sare ba. Ɗacinta yana korar dabba, shi ya sa wasu ke yin shinge da ita. Inda ake samun matsala shi ne akuyar da aka ɗaure kusa da ita da yunwa a ƙarshen rani, ko rassan da aka datse aka watsar a bola. Ka ɗaga tukunyar sama inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, waɗanda suka yi wayo ka faɗa musu ƙarara. Jikokina sun san wannan furen na kallo ne, ba a tsinka, ba a wasan girki da shi. Rassan da ka datse ka binne. Kada a yi asuwaki da su, kada a yi tsinken tsire, kada a sa a murhu. Ruwanta in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa.

Malam, mahaifiyata na da wata shuka a bayan ɗaki, kore, mai kusurwa huɗu, ba ganye, tana ce mata karan masallaci. Ita ma ƙarya ce? Abokina kuma ya ce duk kaktus ne.
*Wani mai karatu, Maraɗi*

Ba ita ba ce, amma 'yar'uwarta ce ta nesa, gida ɗaya suka fito da tumfafiya. Karan masallaci masana na ce masa Caralluma dalzielii, sunan da aka ba shi don tunawa da Dalziel, likitan nan ɗan Sikotlan da ya yi aiki a arewacin Najeriya a farkon ƙarni na 20 yana tattara tsirrai da sunayensu na Hausa. Shi ma ɗan dutse da fako ne, amma gajere, tari-tari yake fitowa, ruwansa a cikin karan yake ajiye shi, furanninsa ƙanana masu duhu a can tsinin kara. Yana da wani babban ɗan'uwa a Sahel mai dunƙulen furanni baƙi-baƙi masu warin mushe. Ƙudaje yake kira da warin, su ke yi masa barbara.

Abokinka kuwa ya yi kuskure. Kusan duk dangin kaktus 'yan nahiyar Amurka ne, waɗanda ake gani a nan kawo su aka yi. Masu ƙaya da ke kama da su a duwatsunmu, irin su tinya da ƙerana, wani gida ne dabam. Ka ɗan soke su za ka ga farin ruwa mai kauri ya ɓulɓulo, kaktus ɗin da aka saba gani ba ya haka. Wannan farin ruwan yana ƙona fata, yana iya makantarwa, don haka daga nesa za ka yi gwajin, fuska a kauce.

Baba, wata ƙatuwar tsutsa kore ta cinye mini ganye cikin dare biyu, ga kuma wasu ƙananan ƙwari rawaya sun lulluɓe tohon.
*Wata amarya, Zariya*

Tsutsar ɗiyar wani babban faɗa-wuta ce wanda dafin shukar ba ya yi wa komai. Ki duba ƙarƙashin ganye da yamma ki cire ta da hannu, shi ke nan. Ganye zai sake fitowa. Rawayan kuwa darɓa ce. Ɗan sabulu a ruwa, ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, ki fesa da la'asar, ki maimaita bayan kwana biyar. Kada ki fesa da tsakar rana, ganyen zai ƙone.

Baba, na gama makaranta ba aiki. Na ga yadda ƙarya ke kuɗi a Abuja, mu kuwa ga ta a dutsen garinmu, manya-manya. Ina so in riƙa tonowa ina kaiwa. Yaya zan tono ba ta mutu ba?
*Wani matashi, ta wayar salula*

Ɗana, neman na kai abu ne mai kyau, kuma ka hango kasuwa ta gaske. Amma ba zan koya maka tono ba.

Babbar ƙaryar da ka gani a dutse, wataƙila ta girmi mahaifinka. A can girmanta a hankali yake, damina ɗaya ɗan kaɗan. Saiwarta ta bi tsaga ta shige inda diga ba ya kaiwa, sai ka datse ta za ta fito, kuma yawancin waɗanda aka datse haka ruɓewa suke a hannun mai saye bayan 'yan watanni. Ya yi asara, kai ka rasa abokin ciniki, dutsen ya rasa mai ba shi iri. Masu fasa dutse ma sun ishe ta. In dutsen na cikin gandun gwamnati ne kuwa, tonon kansa laifi ne. Akwai 'yar'uwarta a kudancin Afirka, wajen Eswatini da Mozambik, wadda tono da gonakin rake suka sa yanzu tana cikin tsirran da ake tsoron ƙarewarsu.

Arziƙin da ke dutsen garinku iri ne, kuma ka fi mai lambun Abuja kusa da shi. Ka hau bayan fure ya wuce, ka nemi masu kwanso, ka naɗe da zare, ka dawo in sun nuna. Ka ɗebi kaɗan a kowace, ka bar wa iska saura. Irin ba ya jure ajiya, cikin 'yan watanni ƙarfinsa yake raguwa, don haka ka shuka da wuri. Cire gashin, ka kwantar da shi a kan yashi mai laima, ka yayyafa ɗan yashi a kai. Sabon iri cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yake tsirowa. Jarirai ba kamar manya ba ne, suna son laima a kai a kai da inuwa mai ratsin rana har su yi wata biyu, sannan ka riƙa fitar da su rana sannu-sannu.

Ga abin da zai sa naka ya fi na wasu: wadda aka shuka daga iri tun tana ƙarama take yin kumburarren kututturen nan da masu saye ke biya dominsa, wadda aka dasa daga reshe kuwa sai ta daɗe tana sanda. Duk lokacin da za ka sauya mata tukunya, ka ɗaga ta sama da faɗin yatsa biyu, manyan saiwoyin su fito fili, ka kare su daga rana na ɗan lokaci har su yi ɓawo. In ta kai tsawon taƙi ka datse kanta da bazara don ta yi rassa. Da kulawa, shekara ɗaya zuwa biyu za ta yi fure. Waɗanda furensu bai burge ba kada ka zubar, su ne kututturen aure: ka sayi mai ninki ɗaya tak, ka riƙa yanko rassanta kana ɗorawa a kansu. Ka je wajen mai auren mangwaro na garinku ya nuna maka riƙon wuƙa, na ƙarya ya fi sauƙi domin jikinta taushi gare shi. Ranar kai kaya kuma ka hana su ruwa mako guda kafin tafiya, ka zare su daga tukunya, ka naɗe kowace a takarda. A haka sun fi jure mota, kuɗin dako ma ya fi sauƙi.